Daga Ɗan Aike Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Saƙo a Zangunan Akra

A asalin ma'anarta, kalmar zango na nufin wurin da ayari ke sauka, a kwance wa jakuna kaya, a kwana ɗaya ko biyu, sannan a ɗaura a ci gaba. Duk wanda ya yada zango ya baro wasu a baya ke nan. Shi ya sa tun da aka fara kafa zanguna a ƙasar da ake kira Gana a yau, mazaunansu ba su taɓa rabuwa da matsalar saƙo ba: ta yaya uba zai ji labarin ɗansa, ta yaya uwa za ta yi wa 'yarta faɗa alhali tsakaninsu tafiyar wata uku ce? Marubutan zamani da ke kokawa kan abin da waya ta yi wa iyali sukan fara lissafinsu ne daga shekarar 2010 ko kusa da haka. A zangunan Akra lissafin ya girmi haka da shekara fiye da ɗari.

Goro ne ya fara kai Hausawa wannan yanki. Fatake daga Kano da Katsina sukan bi hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, su sayar da tufafi da kanwa da fatu, su ɗauko goro daga dazukan Asante. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, hanyoyin zuwa bakin teku suka buɗe. Yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya tarwatsa 'yan kasuwa da malamai, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu Akra. (Tsofaffin zango na kiran birnin Ankara, daga sunan da Akan ke kiransa da shi, wato Nkran, kada ɗalibi ya rikita shi da babban birnin Turkiyya.) Malam Idrisu Naino ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari wajen 1881, ɗansa Malam Bako kuma ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani dillalin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika ta da masu neman aiki a sansanonin soja, har ta tumbatsa zuwa Mamobi. Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagomba da Wangarawa da Yarbawa duk sun zauna a cikinta, Hausa ce kuma ta zama harshen da ya haɗa su.

A zamanin fatake, wasiƙa takan ratsa hannu uku kafin ta isa. Malami ya rubuta ta da Larabci ko ajami, bafatake ya ɗauke ta cikin kayansa, wani malamin ya karanta wa mai ita. Rubuta wasiƙa ilimi ne mai zaman kansa: Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, tun yana matashi ya wallafa littafi da Larabci kan yadda ake tsara ta. Abin lura a nan shi ne irin wannan wasiƙa ba ta san sirri ba. Wanda ya rubuta ya ji, wanda ya karanta ya ji, wanda ya kawo ma za a zaunar da shi a tambaye shi abin da takarda ta ɓoye: yaron ya yi ƙiba ko ya rame? Yana salla? Da wa yake yawo? Mai kawo saƙo shaida ne, wani lokacin kuma mai sassauta zafin magana.

A cikin gari kuwa, wannan aiki na yara ne. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a zangon Kumasi sannan ta koma Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa matan aure da ke cikin kulle ba za su iya sana'a ba in babu yara. Yaro ke sayo cefane, shi ke kai talla, shi ke kai gaisuwa da biki da sanarwar suna, domin shi kaɗai ne al'ada ta yarje wa ya shiga kowane gida ba tare da an tambaye shi dalili ba. A zangunan Akra kulle bai yi tsanani kamar na Kano ba, mata da yawa 'yan kasuwa ne da kansu, amma aike bai ragu ba. A gidan haya mai ɗaki goma ko fiye, duk babban da ya leƙo ya ga yaro a tsakar gida yana da ikon aikensa.

Ya kamata a tsaya a kan wannan kalma ta aike, domin makaranta ce da ba a rubuta manhajarta ba. Yaron da aka aika gidan goggonsa dole ya yi sallama, ya durƙusa, ya gaida na gaba da shi bi da bi kafin ya buɗe baki da abin da ya kawo shi. Dole ya haddace magana yadda aka ba shi, ya dawo da amsa yadda aka mayar, ya kawo canji cif. A hanya yana koyon lungunan unguwa, da wanda ke gaba da wa a dangi, da maganar da ake faɗa a gaban kishiya da wadda ake jira sai ta fita. In ya tsaya wasa, wani babba da bai haɗa jini da shi ba zai kora shi, kuma labari zai riga shi isa gida. Akwai cutarwa a ciki, babu shakka: talla ta hana 'yan mata da yawa karatu, ta kuma jefa wasu cikin hatsari. Amma da wannan zirga-zirga ce yaron zango ya san mutane, mutane kuma suka san shi.

Abubuwa biyu suka ƙara wa mai shiga tsakani muhimmanci. Na farko riƙo. Esther Goody, wadda ta yi nazari a ƙasar Gwanja, ta bayyana a littafinta na 1982 cewa a Afirka ta Yamma ayyukan iyaye rababbu ne: haihuwa daban, ba da suna da asali daban, reno daban, koyarwa daban, ɗora mutum kan sana'a da aure daban, kuma ba dole ba ne mutum ɗaya ya riƙe su duka. Yaro na iya tashi a hannun kawu ko malami ba tare da an ce iyayensa sun yar da shi ba. Na biyu kunya. A gidajen Hausawa da Fulani da ke riƙe da tsohuwar al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Uba ma ba ya zaman hira da ɗansa baligi. Wannan ba ya nufin babu ƙauna. Ƙaunar tana bi ta hannun wani ne. Kaka ce ke wasa da jika, goggo ce ke jin sirrin budurwa, abokin uba ne ke kai maganar auren saurayi.

Rabuwar ta ƙara faɗi a rabin ƙarni na ashirin na biyu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, dokar da ta fi faɗa wa zanguna, ta raba gidaje da yawa tsakanin Akra da Nijeriya da Nijar. A 1983 Nijeriya ta rama, ta koro 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Daga nan matasa suka fara duban Libiya da Saudiyya da Jamus da Amurka. Daga sunan birnin Hamburg ne ma aka sami kalmar boga da ake kiran wanda ya dawo daga Turai da ita. Kamar sauran 'yan ci-rani na Afirka ta Yamma, sai aka koma aika kaset: uwa ta zauna gaban rikoda ta yi gaisuwa da nasiha, matafiyi ya ɗauka, can a taru a saurara. Murya ta iso, amma har yanzu a gaban jama'a.

Kamfanin Mobitel ya kawo wayar hannu Gana a 1992, Spacefon ya biyo baya a 1996, sai dai talaka bai taɓa ta ba sai a farkon shekarun 2000, lokacin da masu tebur da lema suka cika bakin titi suna sayar da kira minti-minti. A daidai wannan lokaci shagunan intanet suka yawaita. Nan ne Mamobi ta shiga littattafan masana, domin Don Slater na Landan da Janet Kwami 'yar Gana sun yi bincike a unguwar, suka fitar da sakamakonsa a 2005. Abin da suka gano shi ne mutane na amfani da na'urorin biyu ta fuskoki mabambanta. Waya ta dangi ce: da ita ake gaisuwa, a bi sawun kuɗin da aka aiko, a sauke nauyin zumunci ba tare da an biya kuɗin mota ba. Intanet kuwa ta tserewa ce: matasa na zama gaban kwamfuta suna tara abokan hira a ƙasashen waje, da fatan wani zai zama hanyar fita. Jenna Burrell, wadda ita ma ta zauna a shagunan Mamobi da wasu unguwannin Akra, ta nuna a littafinta na 2012 cewa wani ɓangare na daɗin shagon ga matashi shi ne idon manya ba ya kai wa can. Wajen 2009 jaridun Gana suka cika da labarin sakawa, wato damfara ta intanet haɗe da tsafi. Ana danganta kalmar da Hausa, abin da ya ƙara shafa wa zanguna baƙin fentin da ba su kaɗai suka jawo shi ba.

Wayar komai-da-ruwanka ta haɗe waɗannan fuskoki biyu a tafin hannu ɗaya. Na'urar da uwa ta saya wa ɗanta don ta riƙa sanin inda yake, ita ce kuma ƙofar da yake fita ta ciki yana zaune a gabanta.

A nan ne ra'ayoyin marubutan Amurka ke shigowa. Sherry Turkle ta yi jayayya a littattafanta na 2011 da 2015 cewa mutane na guje wa hira ta ido da ido saboda rubutaccen saƙo ya fi sauƙin sarrafawa, kuma yara da kansu na kukan iyayensu sun fi kallon waya fiye da kallonsu. Jonathan Haidt, a littafinsa na 2024, ya ce tsakanin 2010 da 2015 ƙuruciyar wasa ta koma ƙuruciyar waya. Iyaye sun tsare yara fiye da kima a waje, sun sake su fiye da kima a intanet. Ya ba da shawarar a hana yaro shafukan sada zumunta sai ya kai shekara 16, a kuma ƙyale shi ya yi yawo da ƙafarsa. Wasu masana, irin su Candice Odgers, sun ce hujjojinsa sun nuna abubuwa biyu sun zo tare ne, ba su tabbatar ɗaya ya haifi ɗaya ba.

Duk wanda ya san Nima zai ga inda rigar ba ta yi daidai ba. Yaron da Haidt ke magana a kansa yana da ɗakinsa shi kaɗai, ana kai shi makaranta a mota. Yaron Nima yana kwana da 'yan uwansa a ɗaki ɗaya, lungu ne filin ƙwallonsa. Daga irin waɗannan lungunan Mohammed Kudus ya fito. Maganin da Haidt ke rubuta wa Amurkawa, wato a aiki yaro kanti shi kaɗai, shi ne abin da zango ke yi tun zamanin Malam Bako. Hirar buɗe zuciya tsakanin uwa da ɗa, wadda Turkle ke jimamin gushewarta, ba a kanta aka gina gidan Bahaushe ba tun farko. Haka nan Cati Coe, wadda ta yi nazarin iyalan Gana da ƙaura ta warwatsa, musamman mutanen Akuapem, ta nuna a 2013 cewa a wurinsu ciyarwa da tufatarwa da biyan kuɗin makaranta harshen ƙauna ne, ko da uwa na wata nahiya.

Amma zai zama kuskure a ce gargaɗinsu bai shafi zango ba. Ya shafe shi, sai dai ta wata kafa. Abin da waya ta rage a Nima shi ne na uku, mai shiga tsakani. Gaisuwar da a da za a tura yaro ya kai, yanzu kira ɗaya ya isar da ita, yaron kuma ya rasa dalilin taka gidan goggonsa. Saurayin da a da sai ya bi ta hannun ƙanen yarinya, unguwa duk ta san da zuwansa, yanzu saƙonsa na shiga ɗaki da tsakar dare babu sallama. Uban da ke Niyok kan kira ɗansa kai tsaye, ya tsallake kawun da ke riƙonsa, sai ga uba da ɗa a kan layi ɗaya, kunya ta hana su wuce "ina karatu?" da "lafiya lau". Tsarin da ya dogara da idon jama'a da bakin wani ya sami kansa da na'urar da aka ƙera don mutum biyu kawai.

Duk da haka aike bai mutu ba, ya canza hannu ne. MTN ta fara aika kuɗi ta waya a 2009, WhatsApp kuma ta ƙara saƙon murya a 2013, abin da ya yi wa masu jin Hausa da ba su saba rubuta ta da boko ba daɗi ƙwarai, ya kuma dawo da wani abu na zamanin kaset, tunda akan kunna muryar a tsakar gida kowa ya ji. Sai dai dattijuwar da ba ta karanta Turanci ba za ta iya bin matakan cire kuɗi ita kaɗai ba. Jikanta take kira. Shi ke nemo mata suna a cikin waya, shi ke karanta mata abin da ya shigo, sau da yawa kuma shi ke riƙe da lambar sirrinta. Yaron da a da ake ba shi magana ya kai ba tare da ya fahimce ta ba, yanzu ya san nawa kawunsa ya aiko daga Jamus, ya san ranar da ya aiko, ya kuma san watan da bai aiko ba.