Yadda Kalmomin Nazarin Labari Suka Samu a Hausa

Ɗalibin da ya taso a Ƙofar Rini, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Sakkwato, in ya shiga ajin adabi zai ji ana faɗin jigo, salo, tauraro da gatse. Kalmomin nan ba rana ɗaya aka ƙirƙiro su ba. Daga wurare uku suka taru.

Na farko shi ne tsakar gida. Tun kafin a san boko, kaka kan tara jikoki bayan sallar isha'i ta yi musu tatsuniya. Takan tsaya a gefe ta faɗi abin da ya faru, sannan ta sauya murya, ta yi tsamin baki idan Gizo zai yi magana. Yaro ya san wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi daga aikinsu, ba sai an gaya masa ba. Haka nan gatse: uwa ta ce wa ɗan da ya fasa tulu "ka kyauta," shi kuwa ya san bai kyauta ba. Habaici da gugar zana da zambo duk a nan suka yi ƙarfi.

Na biyu shi ne zaure. Bayan an kafa Sakkwato a 1809, malaman jihadi sun raya ilimin nahawu da aruli da balaga. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wallafa a kan nahawu da ma'aunin waƙa. Almajirin zaure ya iya rarrabe tashbihi da kinaya, wato ya saba da raɗa wa dabarar magana suna.

Na uku ya biyo bayan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya. Littattafan da ta haifar sun sa tambayar "wa ke ba da labarin?" ta zama dole. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne ke faɗin yawonsa da bakinsa, don haka Malam Zurƙe da muke gani, ta idon abokin hamayyarsa muke ganinsa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami ne ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa. A Magana Jari Ce kuwa, wanda ya zo bayan littattafan gasar, aku aka ɗora wa yawancin labaran.

Da jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, suka koma koyar da Hausa da Hausa, sai aka buƙaci kalmomi tsayayyu. Masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Abdullahi Bayero Yahya sun daidaita jigo da salo da zubi a nazarin waƙa. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, Isa Mukhtar kuma ya rubuta Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai. Ta haka tauraro ya zama wanda labari ya rataya a wuyansa, aka kuma bambanta mai ba da labari daga cikin fage da mai bayarwa daga bayan fage.

Abin da ya rage shi ne koyarwa. Malamin da ya sa ɗalibai haddar ma'anar gatse don jarrabawa kawai ya tauye su. Ya dace ya fara da maganar da suke ji a gida da kasuwa, sannan ya buɗe littafi su nemo ta da kansu.