Tsohon Kalangu a Unguwar Birikiteri

A zamanin Jamus, kafin su bar Yawunde a 1916, Hausawa fatake sun riga sun iso garin. Unguwar da suka zauna daga baya ana ce da ita Birikiteri, watau wurin yin tubali. Mutanen ƙasar, Ewondo, suna da nasu gangar ice da suke aika magana da ita daga tudu zuwa tudu. Baƙin kuwa da kalangu suka zo, gama shi ne kiɗan mahauta, unguwar kuma ta yi suna da tsire har yau.

To, kalangu ba ya mutuwa da wuri. Icen yakan fi mai shi daɗewa; fata ce ke fashewa, tsirkiya ta tsinke. Mai gyara sai ya jiƙa fatar ɗan akuya, ya kankare gashin, ya rufe baki biyu, ya ɗaura sabuwar tsirkiya. Aiki ne na haƙuri ƙwarai. Sa'an nan makaɗi ya rataya shi, ya matsa da hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, har dattawa su ji kirarin iyayensu. Yaran da aka haifa cikin Faransanci sukan ji daɗin amon, amma sai an fassara musu abin da ya ce.