HARUNA: ASALIN SUNAN DA TARIHINSA A ƘASAR HAƊEJA



Na sha jin wasu suna cewa duk sunan da ba Larabci ba ne bai dace da Musulmi ba. Ina ganin sunan Haruna kaɗai ya isa amsa.

Asalinsa daga Ibrananci ne, inda ake kiransa Aharon. Masana sun yi saɓani kan ma'anarsa: wasu sun ce dutse mai tsawo ko maɗaukaki, wasu sun danganta shi ga harshen Misira na dā. Larabawa suka ce Harun, Bahaushe ya ƙara wasali ya ce Haruna, ya yi masa alkunya da Ginsau.

Darajarsa a wurinmu daga Annabi Haruna (AS) take, wanda Alƙur'ani ya ambata sau 20. Shi ne ɗan'uwan da Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah Ya sanya masa waziri, saboda fasahar harshensa.

A Haɗeja, sarakuna uku sun ɗauki sunan. Haruna ɗan Sambo ya yi mulki daga 1865 zuwa 1885. Na biyu ya hau a 1906, bayan Turawan Ingila sun ci garin da yaƙi, suka kashe Sarki Muhammadu. Na uku ya riƙe sarauta daga 1950 har 1984.

Saboda haka, ya kai Haruna, kada kowa ya sa ka ji kunyar sunanka. Sunan mataimaki ne, sai ka zamo ƙarfin ɗan'uwanka.

Allah Ya sa mu dace, amin.