Zare: Wa Ke Tashin Mu Daga Barci Idan Gobara Ta Tashi?

1/ Hunturu ya shigo, kuma duk ɗan ƙasar Kano ya san abin da ke biyo bayansa: gobara. Na zo hutu gida Ɗambatta, na ga yadda aka jibge kara da harawa a kan katangu da rufin ɗakuna, shi ne na ce bari in ɗan yi zare a kan tarihin ƙararrawar hayaƙi. Ku biyo ni a hankali.

2/ A da, ƙararrawarmu mutum ne. Gidajen ƙauyukanmu a manne suke da juna, danga ta kara ce, rufi na jinka, ga rumbuna a tsakar gida. Wuta in ta kama ɗaki ɗaya, iskar hunturu ta ishe ta ta cinye unguwa. Amma fa irin wannan wutar ba ta ɓuya. Daga nesa ake hango harshenta.

3/ Kakarmu tana ba mu labarin daren da rumbunanta biyu suka ƙone. Wani dattijo maƙwabci da ya fito alwala cikin dare ne ya ƙwalla ihu: "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!" Aka fito da tuluna da bokitai, wasu na watsa ƙasa. Gero ya tafi, amma ko akuya ba a rasa ba, don ture zana kawai ake yi a fice.

4/ To yanzu dubi ɗakin da nake kwana: bulo, kwano, silin, ƙofar ƙarfe, taga da ƙarafan hana ɓarayi. Ga katifar soso, labule, wayoyin wuta da wani yaro ya haɗa mana a arha. Mun rage wutar jinka, gaskiya ne. Sai dai mun gina ɗakin da ke riƙe hayaƙi, maƙwabci bai ganin komai sai aiki ya ƙare.

5/ Abin da mutane da yawa ba su sani ba: a gobarar gida, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Kuma mai barci ba ya dogara da hancinsa, wari ba kasafai yake tashin mutum ba. Iskar gubar da soso ke fitarwa ma ƙara nauyaya barcin take yi.

6/ Mun gani ai. A Maris ɗin 2016 cikin dare wuta ta kama kasuwar Sabon Gari a Kano, shaguna dubbai suka tafi. A Fabrairun 2025, almajirai 17 suka rasu a Ƙaura Namoda, su ma cikin dare, suna kwance. Allah ya jiƙansu. Kalmar da ke ta maimaituwa ita ce "dare".

7/ Turawa ma sun sha wannan. A 1890 Francis Upton, abokin aikin Thomas Edison a Amurka, ya yi rajistar ƙararrawar gobara mai aiki da lantarki. Matsalarta, zafi take ji. Kafin ɗaki ya yi zafin da za ta yi ƙara, mai barci ya riga ya shaƙi abin da ya shaƙa.

8/ Nan ne labarin ya fi min daɗi. A shekarun 1930, Walter Jaeger, masanin kimiyya ɗan Suwizalan, yana ƙoƙarin ƙera na'urar gano iskar guba. Ta ƙi aiki. Ya kunna sigari don takaici, sai ya ga allurar awon ta motsa. Ashe hayaƙi take kamawa. (Kada wani ya ce na ce sigari na da amfani, don Allah.)

9/ Amma na'urorin farko manya ne, masu tsada, sai masana'antu. Sai a 1965 Duane Pearsall a Amurka ya fito da 'yar ƙarama mai aiki da batir, wadda talaka zai liƙa a silin. Zuwa shekarun 1970 ta fara shiga gidaje sosai. Mu kuwa har yau ban taɓa ganin ta a gidan kowa a unguwarmu ba.

10/ Iri biyu ne. Akwai jikar ta Jaeger, mai ɗan ƙwayar sinadarin amerisiyom a ciki, ta fi saurin jin wuta mai ci bal-bal. Akwai mai aiki da haske: hayaƙi na shiga ya karkatar da hasken, sai ta ɗau ƙara. Ita ta fi kama wuta mai cin ƙasa-ƙasa.

11/ Ni a ganina ta biyun ce tamu. Ku tuna yadda tamu gobarar ke farawa: maganin sauro na kunnawa ya taɓa katifa, kaskon jin ɗumi an bar shi kusa da bargo, ko a kawo wuta da ƙarfi ƙarfe biyun dare waya ta fara narkewa. Duk hayaƙi ne ke riga wuta fitowa.

12/ Kuma a sayi mai batir. Wanda ya sayi mai dogara da wutar NEPA kaɗai, to, shi ya sani.

13/ A silin ake kafa ta, cikin ɗakin kwana da kuma hanyar shiga ɗakunan, don hayaƙi sama yake yi. Banda kusa da murhu. In ka sa ta inda Umma ke hura itace, kwana biyu za ta sa a cire batirin a sa wa rediyo.

14/ Kula da ita: danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, canza batir duk shekara, in ta fara 'yar ƙara jefi-jefi batir ne ya yi sanyi. Ƙurar hunturu na toshe ta, sai ana gogewa. Bayan shekara 10 a sauya ta gaba ɗaya, ranar ƙira na rubuce a bayanta.

15/ Gargaɗi ɗaya: ba ta jin iskar gubar janareta ko ta gawayi a rufaffen ɗaki, wannan na'urarta daban ce. Janareta dai waje, nesa da taga.

16/ Jiya na nuna wa Baba hotonta a waya. Ya juya shi, ya ce, "Wannan 'yar abar ce za ta tashe ni?" Na ce gwaji ai ba ya ƙarya. Mun yi da shi in na koma Kano zan nemo guda biyu, ɗaya ɗakinsa, ɗaya ɗakin yara, kuma ni zan hau tsani in kafa kafin in koma makaranta.