Alamomin Sa'a na Sinawa a Jeren Amaren Ƙasar Jega

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ko ƙauyuka irin su Fagada, tsakanin shekarun 1960 da 1980, ya ga jeren kwanoni da fantekoki da farantai masu jajayen furanni. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wasu daga cikin zane-zanen nan tsofaffin alamomin fatan alheri ne na mutanen ƙasar Sin. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawunsu, da nuna cewa zanen ya iso ƙasar Kabi amma ma'anarsa ba ta biyo shi ba.

Asalin Alamomin

Yawancin alamomin sa'a na Sinawa daga harshensu suka tsiro, domin kalmomi masu kama da juna a furuci sun yi yawa a cikinsa. Sunan jemage, wato "fu", ya yi daidai da kalmar albarka; don haka jemagu biyar ke wakiltar albarkatu biyar: tsawon rai, da wadata, da lafiya, da son nagarta, da kyakkyawan ƙarshe. Sunan kifi, "yu", ya yi daidai da kalmar rara, watau a ci a bar saura. Furen da ake kira "mudan" yana nufin dukiya da daraja, rumman kuwa yawan zuriya, agwagi biyu kuma zaman aure na amana. Akwai kuma harafin farin ciki da ake rubutawa biyu a manne, da jan launi, a manna a ɗakin ango da amarya. Waɗannan alamomi sun bunƙasa ƙwarai a zamanin daular Ming (1368–1644) da ta Cing (1644–1912).

Hanyar Shigowarsu

Tun a ƙarni na 19 kasuwar Jega ta shahara a daular Usmaniyya, domin tana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. A wancan zamani jeren amarya sassaƙaƙƙun ƙorai ne, da faya-fayi, da akusa, da tasoshin tagulla ga masu hali. Zuwan Turawa ya kawo kwanon ƙarfe mai fenti daga Turai. Bayan 1949 masu masana'antu da dama suka bar Shanghai zuwa Honkon, daga can kuwa kwanoni masu araha suka yi ta kwarara zuwa Afirka ta Yamma. Daga baya wasunsu suka kafa masana'antu a cikin Nijeriya: a 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Ikeja, aka kuma sami wasu a Kano. Ko da yake an ƙirƙiro zane-zane da yawa musamman don kasuwar Afirka, furannin Sin da kifayensu ba su ɓace daga farantai da darurruka ba.

Sauyin Ma'ana

A nan ne al'adun biyu suka raba hanya. Bahaushe bai ɗauki jemage abin arziki ba. Ja a harshensa tsanani da jarunta yake nunawa, kamar a "jan aiki" da "jan hali". Fari kuwa, wanda yake launin makoki ne ga Sinawa, shi ne ya ba da "farin jini" da "farin ciki". Fiye da haka, Bahaushe a jikin mutum yake neman sa'a, ba a jikin kaya ba: amarya ce ake cewa tana da goshi ko ƙashin arziki, ko a camfa ta da farar ƙafa. Tsarin gida kuwa laya ce a bisa ƙofa, da addu'ar malamai.

Saboda haka uwar amarya ba furen take karantawa ba. Abin da 'yan ganin ɗaki ke ƙirgawa shi ne yawan kwanoni, da dacewar launinsu, da tsawon jeren. Jere shaida ce ta ƙoƙarin uwa da gudummawar dangi, kuma ajiya ce da mace kan sayar idan rana ta ɓaci. Ke nan kwanon ya ci gaba da zama alamar wadata, amma ta wata fuska dabam.

Kammalawa

Tangaran da roba da kabad sun ture tsohon jere, kwanonin da suka rage kuwa 'yan gwangwan na saye da awo. Kowane faranti da ya tafi haka, ya tafi da shafi guda na tarihin cinikin Jega da na dukiyar mata. Wajibi ne masu nazarin al'ada su adana abin da ya saura, su kuma ji sunayen da tsofaffin mata suka laƙaba wa kowane zane tun suna raye.