Katangar da ke cikin wayarka

 Daga nan Zuru nake gaishe ku, yau kuma tarihin wata katanga da ba a gani da ido zan kawo muku.

Ɗauki wayarka ka duba. Ga manhajar banki, ga WhatsApp, ga wani wasan ƙwallo da ka sauke ba ka ma san wanda ya ƙirƙiro shi ba. Duk a ƙwaƙwalwa ɗaya suke aiki. To me ya hana wasan nan leƙa lambar sirrinka ta banki?

A shekarun 1950 ba a da wannan damuwa, don kwamfuta aiki ɗaya take yi a lokaci guda, kowa ya bi layi. A 1961 ne Fernando Corbató da abokan aikinsa a MIT ta Amurka suka nuna tsarin CTSS, inda mutane da yawa ke aiki da kwamfuta ɗaya a tare. Nan batun ya taso: kuskuren mutum ɗaya zai iya goge aikin wani.

A 1962, a Jami'ar Manchester ta Ingila, aka ƙaddamar da kwamfutar Atlas. Burinsu ƙwaƙwalwa ta ɗauki fiye da girmanta, amma dabararsu ita ta zama harsashin katangar. Ku ɗauke ta kamar gidan haya. Kowace manhaja gani take ɗaki mai lamba 1 nata ne, alhali babbar manhaja, wato mai gidan, ita ke riƙe da littafin da ke nuna ainihin inda ɗakin kowa yake. Manhaja ta nemi adireshin da ba a ba ta ba, na'urar ta tare ta nan take, mai gida ya kore ta. Sau da yawa abin da ya faru ke nan idan manhaja ta rufe maka ba zato amma wayar ta ci gaba da aiki.

Kwamfutocin gida sun makara. Intel ta fitar da 80386 a 1985 mai iya wannan aikin, amma sai da Windows XP ta zo a 2001 yawancin mutane suka samu cikakkiyar katanga. Da Android ta fito a 2008, sai ta ari tsohuwar dabarar Unix, tsarin da aka fara a 1969: kowace manhaja a ɗauke ta kamar mutum daban, da nata ma'ajiyar.

Katangar takan tsage. A Janairun 2018 masu bincike suka bayyana Meltdown da Spectre, ɓarakar da ke cikin na'urar kanta, aka yi ta faci a duniya. Shi ya sa nake cewa kada ku yi wasa da sabunta waya.

Amma fa katangar tana da ƙofa, makullin kuma yana hannunka. Tun Android 6 a 2015, manhaja sai ta tambaye ka kafin ta karanta saƙonninka. Mai POS a kasuwar Zuru ko ɗaliba a Jami'ar Noma ta Tarayya, idan manhajar tocila ta nemi izinin karanta saƙo, inda banki ke turo lambobin shiga, ka tambayi kanka: me ya haɗa tocila da saƙo? Ka danna a'a.