Kitsen da Oksijin ya Sauya da Kumburin Hanyoyin Jinin Huhu

Bangon kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam an gina shi da wani nau'in kitse mai suna fosfolifid. Idan cuta ta shiga jiki, oksijin kan kama wani ɓangare na kitsen ya sauya masa siffa. A cikin irin wannan kitsen da ya sauya, rukunin da masana suka fi bincika shi ne OxPAPC.

An daɗe ana yi masa kallon mai laifi, domin ana samunsa cikin daskararren kitsen da ke toshe jijiyoyin jini. Amma a 2002 Valery Bochkov da Norbert Leitinger, a Biyana ta ƙasar Ostiriya, suka nuna a mujallar Nature cewa yana tare gubar LPS ta jikin bakteriya, ya hana ta kama wurin da take tayar da garkuwar jiki. Ɓerayen da aka ba su shi sun tsira daga gubar.

A huhu lamarin ya fi muhimmanci. Shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta ce ke lulluɓe cikin ƙananan hanyoyin jinin da ke kewaye da jakunkunan iska. Kumburi na sa ƙwayoyin su takure, tsakaninsu ya buɗe, ruwa ya kwarara inda iska ya kamata ta shiga, numfashi ya gagara. A 2004 Konstantin Birukov da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa OxPAPC na motsa sunadaran Rac da Cdc42, waɗanda ke ƙarfafa gefen ƙwayoyin har su sake mannewa. A 2017 suka ƙara nuna cewa yana sa ƙwayoyin su samar da lifoksin A4, sinadarin da ke kwantar da kumburi.

Sai dai akwai sharaɗi. Kaɗan ne ke kariya. Idan ya yi yawa, ko ya kakkarye gutsu-gutsu, shi da kansa yake ɓarke shimfiɗar.

Binciken ya shafe mu, tunda UNICEF ta ƙiyasta cewa ciwon huhu ya kashe yara 162,000 a Najeriya a 2018. Amma gwajin ya tsaya ne kan dabbobi da ƙwayoyin da aka raina a ɗakin bincike, bai zama maganin asibiti ba. Kuma ba ruwansa da man gyaɗar da mai ƙosai a kasuwa ta yi ta maimaita suya da shi. Wannan lalataccen mai ne, ba ya maganin tari ko ciwon haƙarƙari.